Tambaya da Amsa: Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun haɗu a kan batu guda, wato yadda ake auna tazarar da ke tsakanin birane biyu a jirgin sama, da dalilin da ya sa lokacin da tafiyar take ci sau da yawa ba ya dacewa da lissafin da matafiyi ya yi da kansa. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Na duba na ga tsakanin Landan da Faris bai wuce kilomita 350 ba, an kuma ce jirgin fasinja yana gudun kusan kilomita 900 a sa'a guda. A lissafina tafiyar ba za ta kai minti 25 ba, amma tikiti ya nuna sa'a ɗaya da kwata. Ina sauran lokacin ya tafi?

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne, sai dai gudun da ka yi lissafi da shi jirgi ba ya kaiwa gare shi sai ya yi nisa a sama, tsakanin mita 10,000 da 12,000, inda iska ta yi shara-shara har ba ta tare shi sosai. A gajeruwar tafiya irin wannan, kafin jirgin ya gama hawa lokacin fara saukowa ya yi, don haka mintunan da yake yi a kan cikakken gudunsa kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma ba ya kaiwa wannan tsayi gaba ɗaya.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga wurin da fasinjoji suka shiga, ya kuma ƙare sa'ad da ya tsaya a wurin da za su fita. Duk tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi, da layin da yake bi a bayan wasu jirage, suna cikin wannan lissafi, kuma a manyan filaye masu cunkoso irin su Heathrow na Landan wannan kaɗai yana iya cin minti 15 zuwa 20. Bayan an tashi, ƙa'ida a ƙasashe da yawa ta hana jirgi wuce gudun kimanin kilomita 460 a sa'a matuƙar yana ƙasa da ƙafa 10,000 (wajen mita 3,000), saboda a nan ne jirage suka fi yawa kuma suka fi kusantar juna. Haka nan jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, ke nan idan iskar ranar ta saɓa da alƙiblar tafiyarsa, dole ya tashi ya ba wa garin da ya nufa baya, sannan ya kewayo. A ɗaya ɓangaren kuma, jirgin da ke can sama yana fara gangarowa tun da sauran kimanin kilomita 200 ya isa, yana rage gudu mataki-mataki, kuma idan filin ya cika masu kula da zirga-zirgar jirage suna iya sa shi ya yi ta kewaye har layi ya zo kansa.

Akwai kuma ɗan ƙarin lokaci da kamfanoni suke sanyawa da gangan a jadawalinsu. A harkar sufurin sama ana ɗaukar jirgi ya iso a kan lokaci idan jinkirinsa bai kai minti 15 ba, don haka kamfani yana da dalilin rubuta lokacin da ya san zai iya cikawa ko da an samu tsaiko. Wasu na ganin wannan wayo ne. A ganina ya fi wa fasinja amfani a faɗa masa lokacin da ake iya cikawa a mafi yawan ranaku, musamman wanda zai sauya jirgi a gaba, fiye da a rubuta masa lokacin da ba ya samuwa sai ranar da komai ya tafi daidai.

Wanda yake son kimantawa da kansa yana iya raba nisan da 800, ko da 850 idan tafiyar mai tsawo ce sosai, sannan ya ƙara minti 30 zuwa 45. Tsakanin Alƙahira da Landan akwai kimanin kilomita 3,500, kuma wannan lissafi zai ba ka wajen sa'o'i 5, wanda ya yi kusa da abin da ake gani a jadawali. Kimantawa ce kawai, domin ba ta san da iska ba, ga shi kuwa iska tana da babban tasiri, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Tambaya: A allon da ke bayan kujera na ga jirginmu ya yi baka, ya nufi arewa sosai har kusa da Girinlan kafin ya gangaro Amurka. Me ya hana shi miƙewa sak? Ko ana tsoron tsakiyar teku ne?

Amsa: Hajiya, wannan layin da kika gani a lanƙwashe shi ne mafi gajarta, taswirar ce ta sa ya yi kama da zagaye. Duniya dunƙulalliya ce, kuma babu yadda za a shimfiɗa dunƙulallen abu a kan takarda ko allo ba tare da an miƙe wasu sassansa ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita ta samo asali ne daga aikin Gerardus Mercator na shekarar 1569, wanda ya tsara ta domin matuƙan jiragen ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. A kanta Girinlan takan yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da wannan ita ce a samu dunƙulalliyar taswirar duniya irin ta makaranta, a ɗora zare a kan birane biyu a ja shi ya yi tauri. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeruwar hanya, kuma yanki ce ta da'irar da za ta raba duniya gida biyu daidai. Madrid da New York suna kusan layi ɗaya daga gabas zuwa yamma, dukansu wajen digiri 40 arewa da tsakiyar duniya (layin da ya raba ta arewa da kudu), amma zaren ba zai bi wannan layi ba, zai ɗaga arewa sannan ya dawo. Idan tazarar ta ƙaru, ɗagawar ma sai ta ƙaru. Jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles, tafiyar kimanin kilomita 13,400 da ke cin wajen sa'o'i 16, yana bi ne ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, abin da mai kallon shimfiɗaɗɗiyar taswira ba zai taɓa zato ba. Nisan da ake bugawa a matsayin tazarar birane biyu a sama, wannan layi ne ake aunawa.

Sai dai jirgi ba kasafai yake bin sa daidai-wa-daida ba, kuma a nan batun teku da kika kawo yana da ƙamshin gaskiya. Shekaru da dama doka ta hana jirgi mai injuna biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya tsaya, abin da ya sa ƙetare manyan tekuna ya zama aikin jirage masu injuna uku ko huɗu. Da injuna suka ƙara inganci, a 1985 aka fara ba da izinin minti 120 a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira ETOPS, daga baya aka kai 180, yau kuwa wasu sababbin jirage suna da izinin da ya haura sa'o'i 5. Duk da haka, kowace tafiya ana tsara ta ne da sanin filayen da za a iya karkatawa gare su, irin su Keflavik a Aisilan da Gander a Kanada.

Siyasa ma tana lanƙwasa hanya, kuma a 'yan shekarun nan ta fi komai yin hakan. Tun da Rasha ta rufe samaniyarta ga jiragen ƙasashen Turai da dama a 2022, tafiya daga Helsinki ta ƙasar Finland zuwa Tokiyo da a da ba ta kai sa'o'i 10 ba ta koma wajen 13, alhali biranen biyu suna nan inda suke. Ga kuma wuraren da ake yaƙi, da wuraren atisayen soja, da hadari mai tsawa da matuƙi zai kauce masa, har ma da kuɗin da kowace ƙasa take karɓa a kan ratsa samaniyarta, wanda wani lokaci yakan sa kamfani ya zaɓi hanya mai ɗan tsawo domin ta fi araha.

Tambaya: Daga Landan zuwa New York mun yi kusan sa'o'i 8, amma dawowa ba mu cika 7 ba, ga shi jirgi iri ɗaya ne. Wani ya ce mini juyawar duniya ce take kawo haka. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, wannan bayani ya yaɗu sosai, amma idan aka bi shi a hankali za a ga ya ba da akasin abin da ya same ka. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, da gudun kimanin kilomita 1,670 a sa'a a tsakiyarta. Da a ce jirgi yana rabuwa da wannan juyi da zarar ya tashi, to da New York ce za ta riƙa tahowa tana tarbar mai zuwa yamma, tafiyarsa ta zama ita ce gajeruwa. Abin da ke faruwa shi ne ƙasa da iskar da ta lulluɓe ta da jirgin da ke cikin iskar duk suna juyawa tare, don haka juyin bai ƙara wa kowa gudu kai tsaye.

Abin da ya rage maka lokaci a dawowa iska ce. A tsayin da jirage suke tafiya akwai wasu siraran hanyoyi da iska take kwarara cikinsu da ƙarfi daga yamma zuwa gabas, waɗanda za mu iya kira kogunan iska. Bambancin zafi tsakanin yankunan tsakiyar duniya da yankunan ƙanƙara ne yake tayar da su, juyawar duniya kuma ita ce take karkata su su nufi gabas, ke nan mutumin da ya gaya maka yana da rabin gaskiya, ta wata hanya dabam da wadda yake nufi. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a sa'a, kuma a lokacin hunturun arewacin duniya, sa'ad da bambancin zafin ya fi tsanani, yana iya haura 300. Wani masanin yanayi ɗan Japan mai suna Wasaburo Oishi ya gano su a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin tafiyarsu, amma duniya ba ta mai da hankali sosai ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da su a samaniyar Japan.

Jirgi a cikin iska kamar kwalekwale ne a kogi: ƙarfin tuƙi ɗaya ne, amma mai bin ruwa ya fi mai hawansa saurin wuce gaɓa. Saboda haka jirgi yana da gudu iri biyu, gudunsa a cikin iskar da ta kewaye shi, da gudunsa a kan ƙasar da yake ratsawa, kuma na biyun ne yake yanke lokacin isa. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani Boeing 747 na kamfanin British Airways ya ƙetare daga New York zuwa Landan, kimanin kilomita 5,550, cikin sa'o'i 4 da minti 56. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a sa'a, adadin da ya zarce gudun sauti, amma jirgin bai keta iyakar sauti ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi.

Saboda wannan ne ake zana hanyoyin ƙetare arewacin Tekun Atlantika sabbi a kowace rana, cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Gander tana tsara na masu zuwa gabas da dare, cibiyar da ke Prestwick a Sikotilan tana tsara na masu zuwa yamma da rana. Masu zuwa gabas ana shigar da su cikin kogin iskar, masu zuwa yamma kuma ana kauce musu da shi ko da hanyar ta ƙara tsawo, domin ƙarin kilomita 200 a iska mai sauƙi ya fi gajeruwar hanya a gaban iska mai ƙarfi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Ribar da iska take bayarwa a tafiya ba ta biyan hasarar da take jawowa a dawowa. A ɗauki tazarar kilomita 5,400 da jirgi mai gudun 900. Idan babu iska, sa'o'i 6 ne zuwa, 6 dawowa, jimla 12. Idan akwai iska mai gudun 150, mai bin ta zai yi gudun 1,050 ya isa cikin sa'o'i 5 da minti 9, mai fuskantarta kuma zai yi 750 ya isa cikin sa'o'i 7 da minti 12. Jimlar ta zama sa'o'i 12 da minti 21. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa a ɓangaren da iska take cutar da shi fiye da ɓangaren da take taimakonsa. Wannan bambanci na zuwa da dawowa ya fi bayyana a tafiyar gabas da yamma. Tsakanin Landan da Johannesburg, inda tafiyar ta arewa da kudu ce kuma iskar ta gefe take bugowa, zuwa da dawowa duk wajen sa'o'i 11 ne.

Tambaya: Tikitina ya nuna tashi ƙarfe 10 na safe, isa ƙarfe 1 na rana, sai na ɗauka tafiyar sa'o'i 3 ce, amma muka yini a sama. Yaya ake gane ainihin tsawon tafiya daga tikiti?

Amsa: Malama, kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne: lokacin tashi na garin tashi, lokacin isa na garin sauka. Idan tafiyarki daga Landan ce zuwa New York, wadda agogonta yake bayan na Landan da sa'o'i 5, to ƙarfe 1 na rana a can ƙarfe 6 na yamma ne a inda kika baro, ke nan sa'o'i 8 kika yi. A dawowa abin yana juyewa: tashi ƙarfe 7 na yamma da isa ƙarfe 7 na safe zai yi kama da sa'o'i 12, alhali 7 ne. Ƙa'idar ita ce a mai da lokutan biyu kan agogo ɗaya kafin a ɗebe wannan daga wancan.

A yi hattara da abubuwa biyu. Ƙasashen da suke tura agogonsu gaba da sa'a guda a lokacin bazara ba rana ɗaya suke yi ba, shi ya sa a wasu makonni na Maris bambancin Landan da New York yake komawa sa'o'i 4. Sannan ba kowace ƙasa ce bambancinta yake cika sa'a ba, domin Indiya tana gaban agogon GMT da sa'o'i 5 da rabi, Nefal kuma da sa'o'i 5 da minti 45. Wanda ya ƙetare Tekun Fasifik kuwa zai haɗu da layin da kwanan wata yake sauyawa a kansa. Mai tashi daga Tokiyo ƙarfe 9 na daren Litinin, bayan tafiyar kimanin sa'o'i 7, zai sauka Honolulu ta jihar Hawaii a Amurka ƙarfe 9 na safiyar wannan Litinin ɗin, saboda tsakanin agogon garuruwan biyu akwai sa'o'i 19.

Ki kuma duba ko jirgin zai yada zango. Lambar tafiya guda ɗaya ba ta nufin ba za a sauka a hanya ba, kuma zango ɗaya, ko da ba a sauya jirgi ba, yakan ƙara fiye da sa'a guda.

Tambaya: Na nemi nisan birane biyu a wurare uku, kowanne ya ba ni adadi dabam. Wanne zan yarda da shi?

Amsa: Mai yiwuwa dukansu daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku wanda matuƙa suke aiki da shi kuma kilomita 1.852 ne, don haka tazarar kilomita 5,550 za ta fito a matsayin mil 3,450 ko mil na teku 3,000. Idan bambancin ɗan kaɗan ne, to wani ya auna daga tsakiyar gari, wani kuma daga filin jirgi, wanda yakan kasance kilomita da dama a wajen gari.

Tambaya: Mahaifina ya ce tsawon tafiyar jirgi a zamaninsu da yanzu kusan ɗaya ne. Duk ci gaban da aka samu, me ya sa jirage ba su ƙara sauri ba?

Amsa: Mahaifinka ya faɗi gaskiya. Boeing 707 da ya fara jigilar fasinjoji a 1958 gudunsa bai gaza na jiragen yau ba. Abin da ya tsayar da kowa a nan shi ne gudun sauti, wanda a tsayin da jirage suke tafiya ya kai kimanin kilomita 1,060 a sa'a. Da zarar jirgi ya matso kusa da wannan gudu, turjiyar iska takan ƙaru farat ɗaya, shan mai ya hau fiye da kima, don haka manyan jirage suke tsayawa a kusan kashi 85 cikin 100 na gudun sauti, ƙanana irin su Boeing 737 da Airbus A320 kuma ƙasa da haka kaɗan.

An gwada wucewa. Concorde, wanda Birtaniya da Faransa suka ƙera tare, ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003 yana gudun da ya ninka na sauti, yana haɗa Landan da New York cikin kimanin sa'o'i 3 da rabi, kuma a Fabrairun 1996 ya yi tafiyar daga New York cikin sa'o'i 2 da minti 53. Amma kujerunsa kusan 100 ne kawai, yana shan mai sosai, kuma ƙarar da yake saki idan ya keta iyakar sauti ta sa Amurka ta hana irin wannan gudu a kan ƙasarta a 1973, abin da ya taƙaita shi ga hanyoyin teku. Haɗarin da ya yi kusa da Faris a shekarar 2000 da tsadar kula da shi suka ƙarasa kawo ƙarshensa.

Tun bayan tashin farashin mai na 1973, masu ƙera jirage suka karkata ga rage shan mai da ƙara nisan da jirgi zai iya yi ba tare da sauka ba, kuma a nan ne aka rage wa matafiya lokaci na haƙiƙa. Tafiyar da a da sai an yada zango sau biyu ko uku domin shan mai, yanzu ana yin ta a tashi guda. Kamfanin Singapore Airlines yana haɗa Singafo da New York, tazarar kimanin kilomita 15,300, cikin sa'o'i 18 zuwa 19 da jirgin Airbus A350 da aka ƙara wa wurin ajiyar mai aka kuma rage masa kujeru. A wannan tafiya biranen biyu sun yi nisa da juna har ta kai ga masu tsara hanya suna iya zaɓar bi ta Tekun Fasifik, ko ta Atlantika da Turai, gwargwadon inda iskar ranar ta fi ba da sauƙi, kuma sau da yawa jirgin yakan nufi gabas a zuwa, ya sake nufar gabas a dawowa.